Kifin Katako a Gurbin Gaweye

Da ƙafa na shiga ƙasar Nijar, ta bayan Kamba, ina bin sawun jakunan 'yan fasa-ƙwauri, domin a lokacin iyaka a rufe take, soja ke mulki a gida, soja ke mulki a can. Shekarar fari ce. Gulbinmu na Kabi ya tsittsinke ya zama tabkuna, tabkunan suka zama laka, har muka wayi gari muna tonon gaiwa da fartanya kamar masu haƙar rogo. Ni kuwa, Mamuda, ban iya komai a duniya ba sai su. Na bar mahaifiyata da matata Hajo da 'yarmu ta goye, na ɗauko homa biyu, wato komar hannu irin tamu ta Kabawa, da ƙaton goran da mahaifina ya bar mini, wanda muke kifa ciki a kansa mu yi iyo. Cikin goran na cusa rigata ta Juma'a da ƙullin ƙuli-ƙuli.

A Gaya na samu babbar motar albasa, wadda su can suke kira kamyo, na haye can ƙololuwar buhuna. Tun daga nan har Doso ina rungume da gorana, fasinja suna ta tsokanata, wai yaushe zan haihu. Ko a jikina, don murna ce fal a raina. An faɗa mini a Yamai kogin Kwara bai ƙafe ba, an ce akwai giwan ruwan da sai mutum biyu ke ɗaukarsa, kuma manyan otal na rububinsa. Rana na dukana, warin albasa na shiga idona, amma ni kifin nan kawai nake gani.

Ina sauka a tashar Yamai wani mutum mai farar shadda da agogo ya tare ni da fara'a, ya gaishe ni da Hausa mai daɗi, har da tambayar mutanen gida. Ya dubi homata ya girgiza kai. Ya ce ai soja sun hana shiga gari da koma sai an buga mata tambo a ofis, in ba haka ba a ƙwace, a kuma kulle mai ita. Amma tunda ni baƙo ne, shi zai taimake ni don Allah. Na miƙa masa homa biyu da hannuna, har ina godiya. Na tambaye shi ko goran ma a buga masa, ya ce a'a, gora ba ya bukatar tambo. Daga baya na gane dalili: gora ba ya gudun sauri a cikin kasuwa.

Na zauna a gindin wata bishiya har la'asar ta yi sanyi. Wata tsohuwa mai sayar da dambu ta gaji da ganina ta tambaye ni wa nake jira. Da na ba ta labari sai ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta zuba mini dambu da zogale a takarda, ta ƙi karɓar komai. Na ci ina jin kunya da takaici. Homa biyun nan mahaifiyata ce ta murza zarensu.

Ita ce ta nuna mini hanyar Lazare, unguwar da mutanen da fari ya koro suke tsugunne. Nan na kwana cikin Buzaye da Fulani waɗanda dabbobinsu suka ƙare, kowa ya kafa buhu a kan sanduna ya kira shi ɗaki. Nan ne kuma na fara ganin abin da ya riƙa bina a mafarki duk zamana a garin. Kamyo na zuwa da masu kaki, a tambayi mutum takardarsa, ko aikinsa, ko wanda zai tsaya masa a gari. Wanda ba shi da ko ɗaya a loda shi a mayar da shi ƙauyensu, baƙon wata ƙasa kuwa a sauke shi a bakin iyaka. Ni ba ni da ko ɗaya. Na yi tunanin in shiga gidanmu hannu biyu, ba kifi, ba ko homar da na fita da ita, in dubi idon Hajo. Na gwammace ƙasa ta tsage in shige.

Da gari ya waye na saɓa gorana na yi ta tambayar hanyar kogi har na gangara Gaweye, unguwar da ke gindin babbar gada. Abin da na gani ya sa na tsaya cik. Kogin da ake ba mu labari ya zama fili na yashi, shanu na tsallakawa ruwa bai kai musu gwiwa ba, mata sun kafa lambuna a tsakiyarsa. Amma daga ƙasan gadar akwai gurbi, dogo, mai faɗi, ruwansa kore-kore har ya yi duhu, manyan duwatsu sun kewaye shi. Ina tsaye sai ƙananan kifaye suka watse a saman ruwa, wani abu ya juya a ƙarƙashinsu, ya bar da'ira mai faɗin tabarma. Ban san lokacin da na ajiye gora na fara dariya ni kaɗai ba. Duk kifin kogin da ya rage ya taru a ramin nan.

A bakin gurbin wani dattijo baƙi siriri yana toshe tsagar jirginsa da tsumma. Sunansa Baba Hamani, Bazabarme ne, gidansu ke riƙe da ruwan wajen tun kakanni. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da garinmu, na roƙe shi ya ɗauke ni yaron jirginsa. Bai ɗago ba. Ya sanar da ni cewa hukuma ta hana jefa kowace irin koma a gurbin, don daga nan gari ke shan ruwa, ƙugiya kaɗai aka yarda. Sannan ya ajiye tsumman ya dube ni.

"Yaw, jirgi nawa ba ya ɗauka baƙo. Uba nawa ya yi haka, kaka nawa ya yi haka. Ka kawo kifi daga ruwa wannan da hannu naka, wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Ruwa ya san ka, ni ma na san ka. In soja ya tambaya, ni ce kai nawa ne. Kafin nan, ni ba ya yi ƙarya."

Yaw da Zabarmanci baƙo ke nan, kuma da shi ya ci gaba da kirana. Duk da haka bai kore ni ba. Ya nuna mini wani tsohon jirgi da aka kife a ƙarƙashin mangwaro ya ce in riƙa kwana a ciki, matarsa Inna Haisa kuma ta sa ni ban ruwan lambunta, tana ba ni tuwo sau ɗaya a yini. Gorana ma ta karɓe shi tana ajiye irin kuɓewa.

Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Giwan ruwa ba ya cin tana, ɗanyen kifi mai rai yake so, don haka na shiga gefen ruwa da rigata na tare 'yan kawara guda nawa, na zuba su a ƙwarya zan maƙala a ƙugiya. Inna Haisa ta zo wucewa ta leƙa ƙwaryar, ta dube ni, ta ɗauke ta gaba ɗaya. Ta ce jikokinta ba su ga kifi a miya ba tun watan jiya, ni kuma zan ɗauki kifi in ba kifi. Gaskiyarta ce kuwa. A shekarar nan ba wanda ke jefa abin da zai shiga tukunya cikin ruwa. Haka na zauna, ga giwan ruwa yana juyi a gabana kullum safiya, ga ƙugiya a hannuna, ba abin sa mata a baki. Da yamma in na ji ana daka a gidajen Gaweye sai sautin turmin Hajo ya faɗo mini, in juya fuskata wajen ruwa kada a gani.

Farin da ya kore ni daga gida shi ne kuma ya ba ni abin da na nema. Ruwa ya ci gaba da ja da baya, wasu duwatsu suka fito waɗanda Baba Hamani ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin kansu ba. Wata rana ina tsallake-tsallake a kansu ina neman ƙaguwa, sai na hangi wani kifi maƙale a tsaga, ya bushe amma bai ruɓe ba, yana kallona da ido ɗaya. Na yi a'uziyya, na ɗauka sammu ne aka binne wa wani. Na zungure shi da kara, na ji ƙwas. Katako ne. An sassaƙa shi kamar kifi, an shafa masa fenti, ga ƙugiyoyi masu baki uku sun yi tsatsa a cikinsa da wutsiyarsa, ga wani leɓe na roba ya fito daga haɓarsa. Na bi duwatsun nan kamar mahaukaci, kafin azahar na tsinci uku. Ɗaya gajere ne mai tumbi, ja da rawaya, leɓensa ɗan ƙarami. Ɗaya siriri ne fari ƙal kamar kawara. Na uku shi ne mai ido ɗaya, babba, fentinsa ya koɗe, leɓensa dogo kamar cokali.

Baba Hamani ya juya su da yatsa ya taɓe baki. Ya ce abin wasan anasara ne, suna zuwa da jirgi mai inji ranar Lahadi, dutse yana cinye musu su. Na tambaye shi ko suna kama kifi da su. Ya ce yana gani suna kamawa, amma anasara da aljanunsu suke tafe.

Ni dai na ga koton da Inna Haisa ba za ta iya dafawa ba, murna ta hana ni zama. Na goge tsatsar da yashi, na wasa ƙugiyoyin a dutse, sannan na yi da su abin da kowane Bakabe zai yi da koto. Na ɗaura su a igiyar mamari, wato doguwar igiyar da muke jera wa ƙugiyoyi, na shafa musu daddawa don su yi ƙamshi, na shimfiɗa igiyar a ruwa, na koma gefe na yi tsit, domin mahaifina ya koya mini mai su ba ya motsi, ba ya tari. Kifayen katakon nan suka yi ta shawagi a saman ruwa, ciki a sama, rana na dukansu. Abin da kawai ya kula su wata shirwa ce, ita ma da ta matso ta fasa. Mata masu wanki suka gano ni, kullum sai sun tambaye ni ko 'ya'yana sun koyi iyo. Da abin ya ishe ni na ɗaura wa ja mai tumbin nan dutse don ya nutse. Ya nutse kuwa, har yau bai dawo ba.

Ina cikin wannan hali Allah ya kawo mini Malam Laminu. Mutumin Damagaram ne, gajere mai ƙiba, kuku a gidan wani Bature a Filato, unguwar ma'aikatu, yakan gangaro a kan ɗan babur ɗinsa da suke kira mobilet, neman kifin dafa wa maigidansa. Ya tarar da ni ina shafa wa farin daddawa. Ya tsaya, ya tambaye ni abin da nake yi, na gaya masa. Bawan Allah nan ya yi dariya har ya dafa gwiwa, hularsa ta faɗi a yashi. Na so in yi fushi, amma dariyarsa irin wadda ke jan mutum ce, sai ga ni ina taya shi.

"Ɗan'uwa, wannan ba ajiye shi akan yi ba, jan shi akan yi," in ji shi. "In ka bar shi, icce ne. In ka ja shi, kifi ne."

Ashe tsohon maigidansa, wanda yake kira Mushe, wato Malam da Faransanci, mayen wannan sana'a ne, shekara da shekaru Laminu na bin sa kogi yana riƙe masa kaya. Ya karɓi farin, ya ɗaura masa zare, ya jefa nan kusa, ya miƙo mini ya ce in jawo a hankali. Na jawo. Abin nan ya sunkuyar da kai ya nutse, ya fara kaɗa wutsiya hagu da dama, ina jin rawarsa a yatsana kamar mai rai. Na sake jefawa, na sake jawowa, na yi ta yi ina ihu, har masu wanki suka bar wankinsu suka zo kallo.

Tun daga ranar Laminu ya mayar da ni ɗalibinsa, ko don ya samu mai sauraron labarin Mushe ne, oho. Ya kawo mini zaren nilo mai ƙarfi, da sababbin ƙugiyoyi da Mushe ya bari a sito, da wayar birkin mobilet da zan ɗaura tsakanin zare da kifin, saboda marfin kunnen giwan ruwa yana yanka zare kamar aska. Sandar su ta Turawa mai tulun naɗe zare ba mu da ita, sai ya nuna mini yadda ake naɗe zare a gwangwanin madara, a wulwula a jefa, zaren ya warware da kansa. Ya ce leɓen nan shi ne direban kifin: gajeren leɓe sama-sama yake tafiya, dogon leɓe ƙasa yake nema. Siririn zare ya fi barinsa ya nutse. Kada in ƙulle masa hanci tam, in bar ɗan zobe don ya samu sakewar rawa. Fari na ruwa mai haske ne, ja na ruwan damina mai laka, wato wanda na nutsar da dutse ma ba lokacinsa ba ne. Wannan ya ɗan rage mini baƙin ciki.

Da farin kifin nan na fara kamu. Wata safiya na ji an fizge zaren, na jawo wani ɗan giwan ruwa mai tsawon damtsena. Na ruga da shi gida ina haki, kamar na kamo dorina. Inna Haisa ta yi guɗa ta ɗora tukunya. Baba Hamani ya sa yatsa ɗaya a bakin kifin, ya ɗaga shi sama, ya dube ni, ya ajiye. Na gane, wannan mutum ɗaya ma ya ɗauke shi.

Manyan suna can tsakiyar gurbin, a ƙasa, cikin duwatsu, inda jifana ba ya kaiwa, inda farin ma ba ya iya nutsawa. Ina ta ƙoƙarin ƙara nisa wata rana farin ya faɗa bayan wani dutse, tsage, kifin nan mai haƙora, ya datse zaren sama da wayar ya tafi da shi. Saura mai ido ɗaya. Shi kuma da na gwada shi sai ya riƙa karkata gefe kamar jaki mai ciwon ƙafa. Laminu ya kawo awartaki ya lanƙwasa zoben hancinsa kaɗan-kaɗan, muna gwadawa, har ya miƙe. Amma tsoro ya kama ni. Da na ji ya kusa dutse sai in janye shi da sauri, don shi ke nan gare ni. Laminu ya lura ya yi mini faɗa sosai. Ya ce dogon leɓen nan an yi shi ne don ya bugi dutse, ƙwanƙwasa ƙofa yake yi. In ya buga, in saki zare kaɗan, zai taso da baya da kansa kamar kifin da ya ji ciwo, kuma a daidai nan maigidan ramin ke fitowa. Wanda ke tsoron rasa shi, in ji Laminu, gara ya rataye shi a ɗaki.

Saura yadda zan kai shi tsakiya. Turawa a bayan jirgi suke jan sa, ni kuwa jirgi ya haramta gare ni. Ina ban ruwa a lambu ina wannan tunani sai idona ya faɗa kan gorana, a jingine a jikin darni. Na ajiye bokiti. Ni da aka haifa a kan gora nake neman jirgi? Na roƙi Inna Haisa ta juye irin kuɓewarta a ƙwarya, na duba goran ko ya tsage, na tarar lafiya lau. Na ƙudura zan gwada ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da bakin ruwa ba kowa, don in abin ya ƙi kada masu wanki su samu na wata guda.

Ban kai Juma'ar ba. Da hantsin Laraba kamyo ya tsaya a saman gangaren Gaweye, masu kaki suka sauko suna bin bakin kogi, suna tsayar da duk wanda ba su san fuskarsa ba. Inna Haisa ta zo da sauri ta ce in shige ƙarƙashin jirgin da nake kwana, za ta baza wanki a kai. Na dubi jirgin, na dubi ruwa. In na ɓuya yau, gobe fa? Na tuɓe riga, na ɗauki gora da gwangwani da mai ido ɗaya, na faɗa gurbin. Ko gudu ne ko su ne, ni kaina ban tantance ba a lokacin.

Da cikina ya kwanta a kan goran nan sai na ji kamar na dawo gida. Na saki kifin a bayana, na warware zare mai tsawo, na naɗe ƙarshensa a wani guntun itace na riƙe, na fara tunkuɗa ruwa da ƙafa. Zaren ya miƙe. Na ji rawar ta fara a yatsana, tana ƙara nauyi yayin da yake nutsawa. Na ratsa gurbin har ƙarshe, ba komai. Na juyo. A bakin ruwa na hangi wani mai kaki ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallona, yana yafuto ni da hannu. Na yi kamar ban gani ba, na nufi tsakiya, inda na saba ganin da'irar nan.

Sai na ji ƙwas. Ya bugi dutse. Duk jikina ya ce in janye, na cije, na ci gaba. Ƙwas, ƙwas. Na tsayar da ƙafafuna, na saki zaren kaɗan, na yi bisimilla.

Abin da ya biyo baya ba fizga ba ce, kamar an ɗaura ni ne a bayan mota. Goran ya juya da ni, ruwa ya shiga hancina, na ga duwatsu suna wucewa ta gefena. Na rungume goran da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe itacen, zaren yana kuka. Ya ja ni wajen gada, ya juyo, ya ja ni wajen lambuna. Can sai ruwa ya tsage a gabana, ya fito gaba ɗayansa, fari kamar sabon kwano, baki a buɗe, yana girgiza kai, ga mai ido ɗaya maƙale a gefen leɓensa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin kifi irinsa ba. Na ji ihu daga sama, na ɗaga kai, ashe gadar ta cika da mutane, masu keke da masu raƙuma duk sun tsaya. Ni ma ihun nake, ina kiran sunan mahaifina, ina yi wa kifin kirari irin na gida, ina roƙonsa kada ya kunyata ni.

Goran ne ya yi rabin aikin. Duk lokacin da kifin ya nutsa sai goran ya ƙi, ya dawo da shi sama. In ya yi gudu in bar shi ya ja mu, in ya tsaya in naɗe zare a itacen. Zaren ya tsattsaga mini tafin hannu, jini na bin ruwa, ban ji zafin ba sai daga baya. Rana ta take tsaka kafin ya gaji. Ya taso a hankali, ya kwanta a gefensa kusa da ni, yana buɗe baki yana rufewa. Tsawonsa ya kusa nawa. Bakin gorana, inda muke zuba abin da muka kama, ko kansa ba zai ɗauka ba, ƙafafuna kuma sun mutu.

Sai na ji ƙarar filafilin tuƙa jirgi a bayana. Baba Hamani ne a jirginsa, shi kaɗai, mashinsa na kwance a gabansa. Na zaci zai soke shi, amma bai taɓa mashin ba. Ya jefo mini igiya, ya naɗe hannu yana kallo. Na gane nufinsa, da hannuna aka ce. Na lallaɓa na cusa igiyar ta bakin kifin, na fito da ita ta kunnensa, marfin ya ƙara yanka ni, na ƙulle. Sannan dattijon ya sunkuyo. Ya ja, ya kasa. Na tura daga ƙasa da kafaɗa, yana ja daga sama, jirgin ya karkata har ya sha ruwa, da ƙyar muka mirgina shi ciki. Ya ɗauki gorana ya ajiye a kan kifin. Daga nan ya miƙo mini hannu.

A bakin gaɓa mutane sun yi cincirindo. Laminu na ciki, yana gaya wa duk wanda zai saurara cewa shi ya koya mini. Inna Haisa ta rufe baki da gyale. A gabansu duka ga mai kakin nan, sarjan ne, dogo, fuskarsa ba wasa. Can sama kamyo na jira, na hangi kawunan waɗanda aka riga aka loda, murnata ta koma ciki. Sarjan ya dubi kifin ya daɗe, ya taɓa mai ido ɗaya da bakin takalminsa, ya ga yadda ya tsage biyu, leɓen ya karye. Sannan ya dube ni, ba riga, ina rawar sanyi a tsakiyar rana. Ya tambaye ni takarda. Na ce ba ni da ita. Ya juya wajen dattijon.

"Baba, wannan na wane ne?"

Baba Hamani bai yi sauri ba. Ya ɗaure jirginsa a turke, ya wanke hannunsa, ya sunkuya ya ɗauko filafili na biyu, wanda tun zuwana yake kwance a cikin jirgin ba mai taɓa shi. Ya sa mini shi a hannu.

"Mamuda ne," ya ce. "Na jirgi nawa ne."

Sau ɗaya na taɓa faɗa masa sunana, ranar da na zo, lokacin da ko ɗagowa bai yi ba. Sarjan ya gyaɗa kai, ya ce a matsa a ba masu kifi hanya, ya hau gangaren ya tafi. Hawaye suka zubo mini a gaban masu wanki, ban ɓoye ba. A raina har na ga ƙunshin bandar da zan ba direban albasa ya kai wa Hajo da mahaifiyata.

Maza biyu suka rataya kifin a gwangwala suka yi gaba, mutane na biye da su. Inna Haisa ta ce in kawo filafilin ta riƙe mini, ta ɗaure mini hannu da tsumma tukuna. Na ce ta bari sai mun isa. Itacen na cin tsagar tafina, yana mini zafi ƙwarai, amma ban sake shi ba har muka shiga gida.